Yadda ake zagayen 'yan uwa da tirelar kwana a lokacin sanyi a Amurka

Duk mai iyali a Amurka ya san hutun ƙarshen Disamba shi ne kusan kawai lokacin da yara ke gida kai ma wurin aiki sun ɗan sakar maka mara, kuma dai a lokacin ne kuɗin tikitin jirgi ke tashin gwauron zabi. Mutum shida ace zaku Houston ku dawo, ga hayar mota in kun sauka, ga otal in gidan ɗan uwan bai ɗauke ku ba, kafin ka ankara albashin wata ya tafi kuma gida ɗaya kawai kuka leƙa. Shi yasa wasu daga cikinmu suka fara gwada tirelar kwana, ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan fikof ko babbar jif, da gadaje da ɗan kicin da banɗaki a ciki, ku bi hanya kuna sauka gida gida, zumunci dai a ƙafa yake. Abu ne mai daɗi wallahi, amma a hunturun ƙasar nan ba kai ke tsara tafiyar ba, sanyi ne ke tsarawa, kai naka bi, kuma duk abinda zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Bari in ɗauki hanya ɗaya in yi misali da ita saboda ita ce ta ratsa garuruwan da mutanenmu suka fi yawa. Ka tashi daga Niyok, ace Bronx, ka bi I-95 zuwa Maryland, ka wuce Bajiniya, a Petersburg ka kama I-85 ta kai ka Greensboro inda 'yan Nijar ke da yawa, ta wuce Charlotte ta shiga Atlanta ta ƙare a Montgomery, daga nan I-65 zuwa Mobile sai I-10 ka miƙe yamma har Houston. Mil 1,600 da ɗoriya ne zuwa kawai. In daga Ohio ko Minnesota zaka taso lambobin hanyar ne zasu canza, sauran maganar duk ɗaya ce.

Fara da motar da zata ja, kafin ma ka fara kallon hotunan tirela a waya kana zaɓen mai kyan labule. Mutane suna duba nauyin da kamfani yace motar na iya ja su tsaya nan, alhali akwai wata lamba da ta fi saurin kama mutum. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai wata 'yar sitika da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar zata ɗauka a kanta. To nauyin bakin tirelar da ke danne ƙugiyar baya shima cikin wannan lissafin yake, kuma ana so ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar gaba ɗaya. Ace sitikar ta ce laba 1,500, kai da uwargida da yara kun kai 700, tirelar da kayanta ta kai 6,000 wato bakinta na danna wajen 700 da wani abu, ƙarfen haɗin kansa yana da nasa nauyin, kaga ka cinye lissafin tun ba'a saka kula ɗaya ta abinci a but ba. In lissafi bai fita ba ka nemi ƙaramar tirela, babu wata dabara. Kuma bayan kun gama loda kaya ka biya ta wurin da manyan motoci ke shan mai, irin su Pilot ko Love's, yawanci akwai sikelin CAT Scale, kuɗi kaɗan ne, ka hau ka ga gaskiyar nauyinka a takarda.

Sai na'urar birki. Tirela mai ɗan girma tana da birkinta na lantarki kuma sai da wata 'yar na'ura a cikin motar take aiki, wasu fikof suna zuwa da ita wasu sai an saka. Kar ka fita babu ita, kuma ka san inda ɗan madanninta na hannu yake ba sai ka duba ba. Ka nemi ƙarfen haɗi mai rarraba nauyi da hana lilo. Lasin ɗinka na ƙaramar mota ya isa a irin wannan girman. In haya zakayi, ta shafukan hayar tirela irin Outdoorsy ko RVshare ko wani dila, ka tambayi mai ita abu uku a rubuce: ya yarda a fita da ita jihohi masu nisa, inshorar ta rufe ja da motarka, sannan a wane hali ruwan cikinta yake. Wannan na ukun shi ne babban zance.

Ruwa yana daskarewa a digiri 32 na ma'aunin da suke amfani dashi a nan, wato sifili a namu, kuma idan ya daskare yana kumbura. Bututun tirela na roba ne sirara, wasu a ƙarƙashinta suke bi iska na dukansu, ga famfo ga tankin ruwan zafi ga kan bawul na banɗaki, dare ɗaya mai tsananin sanyi ya isa wani abu ya tsage kuma ba zaka sani ba sai rana ta fito ƙanƙarar ta narke ruwa ya fara bin ƙarƙashin kabad. Don haka daga arewa a bushe ake tashi. Ana zubar da ruwan tankuna duka, a rufe hanyar tankin ruwan zafi bayan an juye shi, a hura iska a bututun da kwamfireso ba da ƙarfi sosai ba, sannan a tura maganin hana daskarewa mai ruwan hoda har sai ya fito ta kowane famfo, a ɗan zuba a magudanar sinki da ta wanka da cikin masai. Don Allah a kula, mai ruwan hoda da aka rubuta na tirela ne, ba na lagireton mota ba, wancan guba ne kuma bututun da zaku sha ruwa dashi ne daga baya.

To da me za'ayi alwala kenan? Jarka. Ka cika jarkoki da ruwa ka ajiye su cikin mota inda ɗumi yake ko cikin tirelar in hita na kunne, ka tafi da buta biyu da ketil na lantarki da babban filas. Masai ana iya amfani dashi, sai dai maimakon ruwan famfo ka kora da na buta ka bi da ɗan ruwan hodan don kar tankin ƙasa ya zama dutse. Mu da muke tsarki da ruwa tankin masai yana cika mana da wuri fiye da yadda takardar kamfani ke nunawa, haka tankin ruwan wanke wanke, alwalar mutum shida sau biyar ba wasa bace, ka riƙa duba ma'aunin kullum. Kuma kar kayi gaggawar mayar da ruwa cikin bututu don kawai kun shiga kudu. Greensboro a Disamba dare na sauka kusa da 32 ko ƙasa, Atlanta ma takan yi, ni a ganina ka bari sai ka duba hasashen kwanaki masu zuwa kaga duk daren yana sama da 32 da ɗan rata, wanda sau da yawa sai wajen Mobile ake samun haka. In ka tashi mayarwa ka wanke bututun sosai har ruwan ya daina yin hoda da kumfa. Ko a wurin kwana mai famfo ma in dare zai yi sanyi ka cika tankinka ka cire tiyo ka zazzage shi ka shigar, tiyon da ya kwana a waje da ruwa a ciki da safe ko lanƙwasuwa baya yi.

Zancen ɗumi kuma. Hitar da ke jikin tirela gas take ci, amma fankar da ke hura ɗumin batir take ja, in baka jone da wuta ba batir ɗaya na iya mutuwa kafin asuba kuma hitar ta tsaya ko da gas na nan cike. Silinda mai laba 20 in hitar na ci ba tsayawa bata wuce awa goma sha wani abu, da yake tana yi tana hutawa ne sai ta kai ku kwana biyu ko uku gwargwadon sanyin, don haka biyu ake tafiya dasu, ɗaya ta ƙare a cika ta washegari ba jibi ba. Ƙaramar hitar lantarki tana taimakawa wajen rage cin gas amma akwai wani abu da mutane basu sani ba, a tireloli da yawa hitar gas ɗin ce ke tura ɗumi ƙasa inda tankuna da bututu suke, in ka kashe ta ka dogara da ta lantarki ku kunji ɗumi a sama ƙasa kuma na daskarewa.

Yanzu abinda nafi so a ji, musamman iyayenmu mata. Ba'a shiga da garwashi cikin tirela. Ba kaskon jin ɗumi, ba gawayin turaren wuta, ba na shisha, kuma ba'a kunna murhun girki a barshi don ɗaki yayi ɗumi. A gida tsakar gida ce da ɗaki mai iska ta ko'ina, nan kuwa akwati ne a rufe ruf, iskar kabon monoksaid bata da wari bata da launi, ciwon kai ne da jiri da barci sai a wayi gari da labari mara daɗi. Janareta ma a nesa ake ajiye shi bakin hayaƙin na kallon wani wajen, ba ƙarƙashin tirela ba ba cikin garejin mai masauki ba. Ka danna madannin gwaji na na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar da ta hayaƙi da ta gas kafin ku tashi, ka duba shekarunta don suna ƙarewa, ka sayi wata mai batir ka ƙara. In Hajiya ba zata iya kwana ba ƙamshi ba a tafi da humra da turaren fesawa, kasko ya jira a shiga gida. Dama mai haya in ya ji ƙamshin turare ya kama katifa da labule kuɗin wanki zai cire maka.

Da asuba zaka ga tagogi sun jiƙe sharkaf, ruwa na gangarowa yana taruwa a bakin ƙarfen taga, in ka ɗaga katifa ka shafa katakon ƙasa zakaji danshi, kusurwar kabad ma haka, kamar murfin tukunya dai. Numfashinku ne da tururin girki. Maganin shi ne abinda hankali baya so, a ɗan buɗe tagar rufi kaɗan ko ana sanyi, a kunna fankar kicin in ana dafa wani abu, a goge tagogi da tawul kowace safiya, a jingine katifa ta sha iska in an samu rana. Shi yasa bana ba da shawarar tuƙa tuwo ko dafa wake a ciki. Uwargida ta yi miya kala biyu uku tun a gida a daskarar a robobi, dambun nama, soyayyen nama, shinkafar da za'a ɗumama kawai, burodi da kayan shayi, wannan ya isa hanya kuma ya raba ku da neman halal a ƙauyen Alabama da tara na dare.

Tuƙi. Babu wanda ke zama cikin tirela tana tafiya, ko yara sunyi kuka, a yawancin jihohi ma laifi ne, kowa na cikin mota da bel ƙanana a kujerarsu. Tayoyin tirela da yawa an yi su ne kar su wuce mil 65 a awa, duba jikin tayar, ni dai 60 nake ganin ya fi kwanciyar hankali, kuma ka auna iskarsu da safe kafin a motsa don sanyi na rage ta, kusan awo ɗaya duk saukar digiri 10. Kar ka yarda da lokacin da Google Maps ya baka, na ƙaramar mota ne mara ja, ka ƙara masa sosai. Mil 300 a rana ya isa mai yara, ga shi a Disamba rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi a Niyok, kuma ba ka so ranar farko da zakayi ribas da tirela ta zama cikin duhu a ƙofar gidan surukai ana leƙenka ta taga. Kaje filin ajiye motoci na wani babban kanti ranar da ba kowa ka koya, ka riƙe ƙasan sitiyari, inda hannunka ya nufa nan bayan tirelar zai nufa, a hankali, mutum ɗaya ya sauka yana nuna maka kuna kan waya. Mutum ɗaya nace, don in ka isa gidan 'yan uwa maza biyar ne zasu fito kowa na cewa karya nan karya can.

In babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo kaji tirelar ta fara lilo, kar ka taka birkin mota da ƙarfi kuma kar ka biye mata da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, matsa ɗan madannin birkin tirelar da hannu a hankali, zata dawo layi. Kuma mafi yawan lilon daga lodi yake zuwa, nan ne tsaraba ke shigowa. Buhun shinkafa, galan na manja, katan ɗin kayan da Gwaggo tace a kai wa 'yarta a Atlanta, duk sai a tura su can ƙarshen baya don nan ne da fili, to nan ne mafi haɗari. Kaya masu nauyi a ƙasa suke zama, saman tayoyi ko ɗan gaba dasu. Kuma ka sani kowane gida kuka sauka zaku sauke tsaraba ne a ɗora muku wata, wani lokacin ma wadda tafi ta farko nauyi, ka koyi cewa Yaya wallahi mota ta cika tun kafin a fito da buhu na biyu.

Akwai wurare a wannan hanyar da jan tirela ke canza komai. A Niyok da kewaye hanyoyin da ake kira parkway an hana tirela hawa, gadojinsu gajeru ne, kuma manhajar waya ta kullum bata san tsayinka ba zata jefa ka can. Ka auna tsayin tirelar da kanka har da akwatin AC na sama, ka rubuta a takarda ka manna a dashbod, ka saka manhajar da ake shigar mata tsayi da nauyi irin RV Life ko CoPilot. A Baltimore hanyoyin nan biyu da suka bi ta ƙarƙashin ruwa, Fort McHenry a I-95 da Harbor a I-895, an hana shiga da silindar gas da ta wuce laba 10, taka kuwa 20 ce ko 30. Da can ta gadar Francis Scott Key ake zagayawa, to jirgin ruwa ya buge ta ta rushe a Maris 2024, sai ka bi I-695 ta ɓangaren yamma, ya ɗan fi nisa amma shi ne daidai. Kuɗin tolget ma da yawan layin taya ake lissafawa, abinda ka saba biya a E-ZPass, 'yar na'urar nan ta biyan tolget, zai ninka ko fiye. Atlanta ka zagaye ta I-285 kuma ba lokacin tashi daga aiki ba. A Louisiana tsakanin Baton Rouge da Lafayette akwai gadar Atchafalaya, wajen mil 18 a kan fadama, ka shiga da mai a tanki kuma yara sun riga sun zaga. Man ma ka saka a ranka galan ɗaya ba zai baka fiye da mil 8 zuwa 12 ba, wato zuwa kawai ka tanadi kuɗin galan 160 ko sama, kuma da allura ta sauka rabi ka fara neman gidan mai mai faɗin da zaka iya juyawa. Ka kashe gas da firij kafin ka matsa kusa da famfon mai.

Sai yanayi, wanda shi ne mai gidan tafiyar. Kowane dare ka buɗe weather.gov ka duba garin da zaka da garuruwan tsakani, ba inda kake kawai ba, jihohi da yawa kuma suna da 511, lambar waya ko shafin da ke faɗin halin hanya. In ance dusar ƙanƙara ko ruwan da ke daskarewa yana sauka, ba'a ja, shikenan, ka zauna inda kake ko da kwana biyu ne. Kar kace ai kudu zani. A Janairu 2022 mutane sun kwana cikin motocinsu a I-95 wajen Fredericksburg ta Bajiniya, wasu sama da awa 24, har da sanata Tim Kaine a cikinsu. A Janairu 2014 dusar da bata kai inci uku ba ta tsayar da Atlanta cak yara suka kwana a makarantu. Fabrairu 2021 Teksas ta daskare wuta ta ɗauke kwanaki bututun gidaje suka fashe, a Janairu 2025 kuma dusa ta sauka har New Orleans da Mobile aka rufe sassan I-10. Kudu bata da motocin share hanya da gishiri irin na arewa, abinda a Minnesota ba za'a ko kula ba a can sai ya rufe gari. Ko ranar da gari ya waye tas, gada tana riga kwalta daskarewa, kar ka taka birki ko ka canza layi a kanta da sassafe, kuma a cire kurus, abin nan da ke riƙe gudun mota da kansa, in hanya na da jiƙa.

Wannan ne yasa nake cewa kar ka yiwa kowa alƙawarin rana da awa. Kace musu in sha Allah tsakanin Talata da Alhamis, zan kira in mun taso. Ka san halinmu, kana cewa Talata da azahar za'a yanka kaji a soya a kira maƙwabta, kai kuma kana can kana ganin hadari a waya amma kunya ta saka ka kama hanya don kar ace an yi girki baka zo ba. Ka bar kwana biyu a jadawalin da ba na kowa bane.

Kafin ka iso gidan kowa akwai tambayoyin da zaka yi tun sati biyu kafin nan. Unguwanni da yawa, musamman sababbin nan na Houston da kewayen Atlanta, suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje da suke kira HOA, wasu sun hana ajiye tirela kwata kwata wasu suna bada kwana ɗaya ko biyu, wasu garuruwan kuma dokarsu ta hana kwana a cikinta a bakin titi, kuma takardar tara ba kai zata zo wa ba, mai masaukinka zata samu bayan ka tafi. Ya tambaya maka. Ya auna maka tsawon ƙofar garejinsa ya turo hoto, ka duba gangara da rassan bishiya da wayar wuta. Mai zama a bene na haya kuwa babu ma zancen, sai ka nemi sansanin tirela mafi kusa ka ajiye ta can ka cire motar kuje gaisuwa. Sansanoni da yawa a arewa suna rufewa daga kaka sai bazara, amma Cherry Hill Park a College Park ta Maryland na buɗe duk shekara, haka na Stone Mountain kusa da Atlanta, kusa da Houston kuma akwai Brazos Bend inda yara zasu ga kada da idonsu, a riƙe musu hannu dai. Ka kama wuri da wuri don tsofaffin arewa da 'yan Kanada duk kudu suke gudowa a wannan lokacin. Kwana a filin Walmart ya danganta da reshen da dokar garin, ka shiga ka tambayi manaja.

In an samu wuri a ƙofar gida sai wuta. Tirela yawanci amf 30 take so, soket ɗin gida kuwa 15 ne ko 20, akwai ɗan adafta da ake sayarwa, ka haɗa da waya mai kauri ta waje ba siririyar ekstenshan ta falo ba. Ƙaramar hita mai wat 1,500 ita kaɗai tana jan sama da amf 12, kaga saura kaɗan, ana kunna ketil a kanta bireka zata faɗi, kuma sau da yawa layin garejin ne firizar mai gida take kai cike da naman da aka saya don ku. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ka tambayi inda akwatin bireka yake tun da rana ba sai biyun dare ba. Tankin masai ba'a juye shi a lambatun titi ko bayan gida, laifi ne babba, sansanoni da wasu manyan gidajen mai suna da wurin juyewa da kuɗi kaɗan, ka saka safar hannu, na masai farko sannan na wanke wanke ya biyo ya ɗauraye tiyon.

Wanda ya fi duk waɗannan wuya shi ne fahimtar da babba cewa a waje zaku kwana. Gwaggo zata tsaya a bakin ƙofa da mayafi da rigar sanyi ta kalli abin sama da ƙasa tace, yanzu kai ɗan nan ka taso tun daga Niyok ka zo gidana ka kwana a mota, me mutane zasu ce? Kar ka fara mata bayanin hita da amf. Kace Gwaggo ai gidanki muka zo, nan zamu ci nan zamu yini, yara ma a ciki zasu kwana wajen 'yan uwansu, mu dai mun rage miki cunkoso ne. Kuma ka cika hakan, a ci abinci tare, a yi hira har dare, wanka ma a cikin gida wanda dama ya rage maka cikar tanki. In ta dage ranar farko ku kwana a ciki, ba faɗuwa bace, ka dai bar hitar tirela a ƙasa ƙasa in akwai ruwa a bututu. In kuma kun taho da tsohuwa ita kam ciki zata kwana ko ba'a ce ba, matakalar ƙarfen nan da asuba santsi take yi. Kuɗin wuta in ka miƙa ba za'a karɓa ba, ka shiga kasuwa ka cika musu firij ko ka damƙa wa yara wani abu.

Sallah ba matsala, matafiyi yana kasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya in kayi niyyar zaman kwana huɗu a wuri sai ka cika, ka tambayi malaminka kan haɗa salloli don ranakun gajeru ne azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa kusa kana kan hanya. Ka lissafa inda Juma'a zata same ku tun kafin tashi, Greensboro da Charlotte da Atlanta da Houston duk akwai masallatai, amma ka cire tirelar kaje da mota kawai, filin masallaci ranar Juma'a ko ƙaramar mota da ƙyar take samun wuri.

Dawowa ita ake mantawa. Kuna Houston ana yawo da riga ɗaya, bututu cike da ruwa, kwana uku huɗu kuma kuna cikin sanyin Carolina. Tun a wurin kwana na ƙarshe mai ɗumi zaka juye tankuna ka sake tura ruwan hodan, don haka galan biyu uku na maganin su kasance cikin kayanka tun daga gida kar ka dogara da samu a kantin kudu. Ka bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin isowa da komawa aiki da makarantar yara, in kun iso ka wanke ƙarƙashin mota da na tirelar don gishirin hanya na cin ƙarfe, a kwashe duk abinci saboda ɓeraye, a bar ƙofar firij a buɗe, batir kuma a cire shi a shigar dashi gida.